Caja ɗaya ga kowace waya: tambayoyi da amsoshi kan dokar Type-C

Tun da iPhone ta koma Type-C kusan kullum sai wani ya tsaya a bakin shago ya tambaye ni wai da gaske ne Turawa ne suka tilasta wa kamfanin Apple mai ƙera ta canja bakin caji, wani kuma ya zo da tsohuwar wayarsa hankali a tashe wai ya ji an ce an haramta cajarta. Ni daga shagon caji na fara wannan harka, irin mai janareta da katako cike da soket ɗin nan, kafin na koma gyaran waya, saboda haka wahalar bakin caja ba labari aka ba ni ba. Ga tambayoyin da aka fi yi min, kusan yadda masu su ke faɗarsu, da amsar da nake bayarwa in akwai lokacin zama.

Malam wai wace doka ce wannan, kuma su wa suka yi ta?

Tarayyar Turai ce, ƙasashe 27 ɗin nan. Ranar 4 ga Oktoba 2022 majalisarsu ta kaɗa ƙuri'a, mutum 602 suka amince, 13 suka ƙi, 8 suka yi shiru, wanda ya ja ragamar maganar a majalisa kuwa wani ɗan ƙasar Malta ne Alex Agius Saliba. Ranar 24 ga watan ministocin ƙasashen suka sa albarka. Lambar dokar 2022/2380, kuma ba sabuwa ba ce fil, gyara aka yi wa wata dokarsu ta 2014 mai kula da na'urorin sadarwa. Abin da ta ce a taƙaice: duk sabuwar waya ko na'ura makamanciyarta da ake caji da igiya, in dai za a shigar da ita kasuwarsu, dole ta zo da bakin USB-C, wanda mu a kasuwa muke cewa Type-C. Ta fara aiki ranar 28 ga Disamba 2024, laftof kuma aka ba su ƙarin lokaci zuwa 28 ga Afrilu 2026.

Waya kaɗai ta shafa?

A'a. Akwai tabulet, kyamara, hedifon da iyafis masu caji, ƙananan sifikoki na hannu, na'urar gem ta hannu, na'urar karanta littafi, kibod da mawus marasa igiya, na'urar nuna hanya ta mota, sai laftof daga baya. Agogon hannu mai caji bai shiga ba, haka fanka da tocila da injin aski.

To me ya sa sai an yi doka, kamfanoni ba za su iya daidaitawa da kansu ba?

An ba su dama ai, shekara fiye da goma.

Duk wanda ya riƙe waya kafin 2010 ya san halin da aka shiga. A shagonmu akwai wata durowa da muke zuba caja, in ka ja ta sai ka ga igiyoyi sun cukuikuye kamar taliyar da ta kwana, Nokia mai babban baki daban, Nokia mai siririn baki daban, Sony Ericsson mai faɗin nan daban, Motorola daban, Samsung kuwa kusan kowane samfuri da nasa, ga wayoyin China da ba ka taɓa ganin irin bakinsu ba sai ranar da aka kawo. In mutum ya zo da wadda ba mu da cajarta sai mu cire batir mu manna masa lamba da salatif, mu danne shi a cajar nan mai ƙarafa biyu da ake kira desktof, ana ta gyara ƙarafan har sai fitilar ta fara ƙyaftawa. Sau nawa aka musanya wa mutane batir a haka, sau nawa aka yi rigima. Kuma duk wutar iri ɗaya ce fa, kusan bolt 5 ce, bakin kawai kowa ya sassaƙa nasa don kar ka sayi caja a wurin wani.

A Turai ma haka abin yake, hukumar zartarwar Tarayyar ta ce an kai kusan iri 30 na caja a kasuwa. A 2009 sai ta tara manyan kamfanonin, su Nokia da Samsung da Motorola da Sony Ericsson da Apple, suka sa hannu kan yarjejeniya ta ganin dama cewa za su koma micro-USB, wato bakin da muka daɗe muna cewa cajar Android. Gaskiya ta yi amfani sosai, iri 30 ya dawo 3. Amma an bar wata ƙofa a ciki, cewa kamfani zai iya riƙe nasa bakin in dai zai samar da adafta, kuma ta nan Apple ya bi, a 2012 ma ya fito da sabon bakinsa Lightning tare da iPhone 5. Yarjejeniyar ta ƙare a 2014, aka yi ta jan ƙafa, a 2018 kamfanonin suka kawo wata sabuwa hukumar ta ga ba ta warware komai ba. A Janairu 2020 majalisa ta ce ya isa haka a kawo doka, ranar 23 ga Satumba 2021 aka gabatar da daftarin. Kaga kenan ba a wayi gari aka ɗauko sanda ba, sai da lallashi ya ƙare.

Apple fa, me ya hana su tun farko? Ba su da hujja ne?

Suna da ita, kuma bai kamata a ce duk maganar banza ba ce. Sun ce idan gwamnati ta ɗaure kowa a baki ɗaya to ta hana ƙirƙira, kuma sun ce sun riga sun sayar da na'urori sama da biliyan ɗaya masu Lightning, in aka canja rana ɗaya duk igiyoyin nan shara za su zama, wato dokar da aka yi don rage shara ita za ta fara haifar da ita. Maganar ƙirƙira ma tana da tushe, don a 2012 Lightning ya fi micro-USB nesa ba kusa ba, kana iya soka shi ta kowane gefe ko cikin duhu, micro-USB kuwa sai ka juya ka sake juyawa, ƙananan haƙoransa su lanƙwashe, rabin aikin gyaran da muke samu a lokacin canjin bakin caji ne.

Inda hujjar ta yi rauni a wurina shi ne Apple ɗin da kansa yana cikin waɗanda suka fara rungumar Type-C, MacBook ta koma tun 2015, iPad Pro a 2018. Wato a gida ɗaya, kamfani ɗaya, kwamfutarka da wayarka ba sa shan igiya ɗaya. Sannan Lightning nasu ne su kaɗai, duk mai son ƙera igiyarsa ta halak sai ya shiga tsarin lasisinsu na MFi, akwai ɗan cif a kan igiyar, shi ya sa in ka sa ta bogi wayar take rubuto maka cewa ba lallai wannan na'urar ta yi aiki ba. A Oktoba 2022 wani babban jami'insu Greg Joswiak ya faɗa a bainar jama'a cewa za su bi dokar don ba su da zaɓi, ranar 12 ga Satumba 2023 iPhone 15 ta fito da Type-C, kuma ba Turai kaɗai ba, duk duniya, don ba riba a ƙera waya iri biyu.

Ni iPhone 11 gare ni, an haramta ta kenan?

Kwantar da hankalinki Hajiya, babu wanda zai taɓa wayarki. Dokar kan sabbin kayan da za a shigar kasuwar Turai take, ba kan abin da ke hannun mutane ba, ko a can ɗin mai tsohuwar waya yana ta amfani da abarsa kuma ana sayar da igiyarta. Abin da ya faru kawai shi ne a Disamba 2024 Apple ya janye iPhone 14 da SE daga shagunansa na ƙasashen. Shawarata dai in kina da igiyar Lightning mai kyau ki riƙe ta da daraja, kar a riƙa naɗe ta a jikin kan caja da ƙarfi, don nan gaba na kirki za su yi ta raguwa na bogi su cika kasuwa.

Tunda baki ya zama ɗaya, kenan kowace igiya zan iya saya?

Nan ne fa mutane suka fi shan wahala, kuma nan nake so a tsaya a karanta da kyau. Dokar ta haɗa baki, amma abin da ke cikin igiya bai zama ɗaya ba. Igiya biyu za ka gani kamar tagwaye, ɗaya tana ɗaukar wat 240 ɗaya ko 15 ba za ta kai da lafiya ba.

Bakin Type-C da aka fitar da ƙa'idarsa a 2014 yana da ƙananan ƙarafa 24 a ciki, ba kowace igiya ce ake haɗa mata dukkansu ba. Igiya ta ƙa'ida mafi sauƙi tana ɗaukar amfiya 3, wato har wat 60. In za ta wuce haka dole a sa mata ɗan cif a kanta wanda zai shaida wa caja cewa ni fa zan iya ɗaukar amfiya 5, da shi ake kai wat 100, sababbin ma har 240. In ka sa igiyar da ba ta da cif ɗin a laftof mai jan wuta sosai ba za ta ƙone ba, caja ce za ta ƙi sakin abin da ya wuce 60, sai ka ga kana aiki batir yana raguwa alhali a jone take.

Haka wajen tura hotuna da bidiyo zuwa kwamfuta. Yawancin igiyoyin da ke zuwa cikin kwali gudun USB 2.0 suke, megabit 480 a daƙiƙa, gudun da ake yi tun shekarar 2000. Ko iPhone 15 ɗin, ƙaramar a nan ta tsaya duk da sabon baki, Pro ce ke kai gigabit 10, shi ma sai ka sayi igiyar da ta dace daban. Masu ɗaukar bidiyon biki da yawa sun zo min suna cewa wayar ce ta lalace, ashe igiya ce.

Sai kuma na bogi, waɗanda su ba ƙa'idar da suka bi. Wani injiniyan Google mai suna Benson Leung ya taɓa ɗaukar wa kansa aikin sayen igiyoyi yana gwadawa yana faɗa wa jama'a sakamako, a farkon 2016 wata da aka haɗa wayoyin cikinta a karkace ta kashe masa kwamfuta, bayan nan Amazon ya hana sayar da waɗanda ba su cika ƙa'ida ba. To mu nan wa zai hana? Na taɓa yanka wata da wani bawan Allah ya saya a go-sulo, waje roba mai kauri da zare mai sheƙi, ciki kuwa silin waya bai fi gashi huɗu ba, kuma ba jan ƙarfe ba ne, in ka goga sai launin ya fita. Wayarsa sabuwa ce, bai fi wata biyu da gama biyan kuɗinta ba, bakin ya narke ya manne da igiyar, ya tsaya yana kallona ya kasa magana. Wallahi har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Araha ba ta ado.

Me ya sa tocilata mai Type-C ba ta caji da cajar wayata, amma tana yi da tsohon kan caja?

Wannan tambayar tana burge ni don masu yinta sun lura da kyau. Tsohon kan caja mai faffaɗan rami, USB-A, kullum a buɗe yake, da ka jona bolt 5 na fita ko akwai mai sha ko babu. Kan caja mai ramin Type-C kuwa ba ya sakin komai sai ya tabbatar akwai na'ura a ɗaya gefen, kuma yana ganewa ne ta wasu 'yan ƙananan resisto guda biyu masu kilo-om 5.1 da ya kamata a sa a cikin na'urar. Masu ƙera tocila da fanka da rediyon caji masu araha sai su ɗauki tsohon allonsu na micro-USB su liƙa masa bakin Type-C kawai su bar resiston, abin da kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Kayanka lafiya lau suke, nemi igiya mai babban kai a gefe ɗaya da Type-C a ɗayan, za ta yi.

Cajin sauri fa, shi ma an haɗe shi?

An haɗe, kuma ni a ganina wannan ɓangaren ya fi maganar bakin muhimmanci duk da ba a cika zancensa ba. Dokar ta ce duk na'urar da ke caji da abin da ya wuce bolt 5, ko amfiya 3, ko wat 15, dole ta iya yaren da ake kira USB PD. Yare na ce don magana ce ake yi tsakanin caja da waya: caja ta lissafo abin da take da shi, bolt 5 ko 9 ko 15 ko 20, waya ta zaɓi wanda za ta iya, sannan a saki wutar. Kafin nan kowane kamfani da yarensa, Qualcomm na da Quick Charge, Oppo na da VOOC, Xiaomi da Huawei kowa da nasa, sai ka ga an rubuta wat 65 a kwali amma da cajar wani kamfani wayar ta koma tafiyar hawainiya.

Ba a hana su riƙe nasu yaren ba, sharaɗin kawai kar ya hana USB PD aiki yadda ya kamata. Saboda haka har yanzu wayar da aka ce wat 120 ce sai da cajarta da igiyarta za ta kai can, amma da cajar wani ma za ta samu gudu mai ma'ana. Da aka fara raɗe-raɗin cewa Apple zai rage gudun caji ga igiyar da ba ta da lasisinsa, kwamishinan Turai mai kula da kasuwa na lokacin Thierry Breton ya gargaɗe su a 2023 cewa in suka yi haka ba za su sayar a kasuwar ba, kuma da wayar ta fito babu wannan takunkumin.

In na sa cajar laftof mai wat 65 a ƙaramar wayata ba za ta fasa batir ba?

Ba za ta fasa ba in cajar ta kirki ce. Lambar da ke jiki iyakar abin da za ta iya bayarwa ce, waya ke ɗibar abin da take buƙata, kamar tanki ne da famfo. Ni caja ɗaya nake tafiya da ita yanzu ta laftof da waya da fawa bank. Abin tsoro shi ne caja marar nauyi marar suna, musamman a kan janareta ko lokacin da aka dawo da wuta da ƙarfi.

Na sayi waya mai tsada na buɗe kwali babu kan caja. Dokar ce ta jawo?

Ba ita ta fara ba. Apple ya cire kan caja tun iPhone 12 a Oktoba 2020, Samsung ya bi sahu da S21 a farkon 2021, duk kafin a yi dokar. Abin da dokar ta ce shi ne dole a ba mai saye zaɓin sayen na'ura ba tare da caja ba, ba ta hana a sayar da mai caja ba. Kuma dole a sa hoto a kwali, hoton caja in tana ciki, hoton caja da aka soke in babu, tare da rubuta mafi ƙarancin wat da mafi yawan wat da wayar ke buƙata. Wannan rubutun yana da amfani ƙwarai, shi za ka duba kafin ka je sayen caja.

Amma gaskiya wannan ɓangaren don mutanen da durowarsu ta cika da caja aka yi shi. Binciken hukumar Turai ya nuna mutum ɗaya a can yana da kusan caja uku, biyu yake amfani da su. Mu kuwa gida guda ana layi a kan caja ɗaya, yaro ya cire ta uwa ya sa tasa, in aka ba mutum kwali babu caja bakin titi zai nufa ya sayi ta bogi, kuma ba mu ga an rage kuɗin wayar ba. Brazil ma ta kalli abin ta wannan fuskar, a Satumba 2022 ma'aikatar shari'arsu ta ci tarar Apple sama da miliyan 12 na kuɗinsu ta ce sayar da waya babu caja sayar da kaya ne bai cika ba. Tecno da Infinix da itel, waɗanda duk kamfanin Transsion ne, sun san kasuwarsu, yawanci suna sa caja a kwali, kuma ina fata su ci gaba.

Da gaske za ta rage shara ko dai magana ce?

Za ta rage, amma kar a zuzuta. Hukumar Turai ta ƙiyasta cajojin da ake zubarwa ko ake ajiyewa ba amfani sun kai tan 11,000 a shekara, kuma dokar za ta rage wa jama'a kashe kusan yuro miliyan 250 a shekara. Ka ɗora wannan kusa da alƙaluman Majalisar Ɗinkin Duniya, tan miliyan 62 na sharar kayan lantarki a duniya a 2022, wanda ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu aka tattara aka sarrafa ta hanyar da ta dace, za ka ga caja ɗigo ce a cikin kogi. Kuma wani kaso na wannan shara tashoshin jiragen ruwa na Legas da Tema ta Gana yake sauka da sunan kayan gwanjo, yaran da ke ƙona igiyoyi don ciro jan ƙarfe suna shaƙar baƙin hayaƙin nan, a Agbogbloshie ta Accra da yawansu 'yan arewacin Gana ne kafin a rushe wurin a 2021. Duk igiyar da ba a ƙera ba, igiya ce da ba za a ƙona a gaban yaro ba, shi ya sa ko kaɗan ɗin ban raina shi ba.

Abin da zai fi rage shara shi ne wayar kanta ta daɗe, kuma Turawan sun biyo da wannan: daga 20 ga Yuni 2025 sabbin wayoyi a can sai batirinsu ya jure caji 800 yana riƙe da kashi 80 na ƙarfinsa, kayan gyara su samu har shekara 7 bayan an daina sayar da samfurin. A matsayina na mai gyara wannan ta fi faranta min rai.

Turai kaɗai ce ke da irin wannan doka?

A'a, kuma ba su suka fara tunanin ba, Koriya ta Kudu ta haɗe bakin cajar wayoyinta tun farkon shekarun 2000, China ma ta fitar da ƙa'idar caja ta USB a 2006. Wadda ta fi kusa da mu ita ce Saudiyya, tunda alhazai da masu Umara da 'yan kasuwarmu suna sayo waya a can: sun wajabta Type-C a kan waya da tabulet da makamantansu daga 1 ga Janairu 2025, laftof daga 1 ga Afrilu 2026. Indiya ma ta sanar za ta bi wannan hanya. A Amurka sanatoci uku, Ed Markey da Elizabeth Warren da Bernie Sanders, sun rubuta wa ma'aikatar kasuwanci wasiƙa a Yuni 2022 suna neman a yi haka, amma ba ta zama dokar ƙasa ba. Kodayake ba su ma buƙata sosai, tunda kamfanonin sun riga sun canja wa kowa.

Mu a Najeriya da Nijar me ya shafe mu?

A takarda babu, dokar Turai ba ta hau kanmu ba. A kasuwa kuwa ta shafe mu ta hanya biyu masu karo da juna. Ta farko alheri ce, duk babbar waya sabuwa da za ka gani a Farm Centre a Kano ko Computer Village a Ikeja yanzu Type-C ce, mai shagon caji ya huta, baƙo in ya zo gidanka ba sai an aika maƙwabta neman caja ba. Ta biyu ita ce ke damuna: abin da ba zai shiga Turai ba ai ba zubarwa za a yi ba, kasuwar da ba ta tambaya za a kai shi. Ƙananan wayoyi masu botin da wasu masu araha har yanzu da micro-USB suke zuwa, tsofaffin iPhone na London yus ma za su daɗe suna shigowa, saboda haka mu za mu jima da baki uku bayan su sun manta.

Ni ba na cewa a kwafo dokar a hana shigo da waya mai micro-USB gobe, talaka ne zai ji a jikinsa, wayar da yake iya saya kenan. Abin da nake roƙo ya fi wannan sauƙi. NCC ce ke amincewa da samfurin waya kafin a sayar, SON ce ke da alhakin ingancin kayan da ake shigowa da su, to a sa ido kan igiya da kan caja, abin da aka rubuta a jiki ya zama shi ne a ciki. Caja ta bogi ba waya kaɗai take kashewa ba, a ɗakin da ake kwana da ita a jone kusa da katifa gobara ce.

In gobe aka ƙirƙiro abin da ya fi Type-C fa, shikenan an toshe hanya?

Wannan ita ce tambayar da masu adawa suka fi ƙarfi a kai, kuma ban ce babu haɗari ba. Amma an ba hukumar ikon sabunta ƙa'idar ba tare da an koma majalisa daga farko ba, kuma ta riga ta yi sau ɗaya a 2023, ta ɗaga iyakar daga wat 100 zuwa 240. Sannan shi bakin yana da sauran fili sosai, ta cikinsa hanyoyin tura bayanai masu tsananin gudu irin su USB4 da Thunderbolt ke bi, ta cikinsa ake haɗa allo babba. Na'urar da ba ta da rami kwata-kwata, sai dai a ɗora ta a faifan caji, dokar ba ta tilasta mata buɗe rami ba. Sai dai cajin faifai yana ɓarnar wuta kuma yana ɗumama batir, ga mai dogaro da sola ko fawa bank, ga zafin Afrilu, igiya ta fi.

Soket na bango ma za a haɗe?

A'a, dokar ta tsaya a gefen waya. Najeriya da Gana masu ƙafa uku irin na Ingila, Nijar da Kamaru da Chadi masu ƙafa biyu zagayayyu irin na Faransa, kowa na nan da nasa.

To in zan sayi caja me zan duba?

Fara da wayarka, nemo wat nawa take ja. Sannan juya kan cajar ka karanta ƙananan rubutun nan, ta kirki za ta jero abin da take bayarwa, 5V 3A, 9V da sauransu, ka nemi PD a jiki, in Samsung ce mai cajin wat 25 ko 45 ka nemi PPS ma. Ɗaga ta a hannu, in ka ji kamar fanko ka ajiye. Igiyar laftof ka nemi wadda aka rubuta 100W ko 240W ko 5A. Ka sa mai shago ya gwada a gabanka, da yawanmu muna da ɗan mitan nan da ake sokawa tsakanin caja da igiya yana nuna bolt da amfiya, in ya ƙi gwadawa ka wuce gaba. In kan igiya yana zafin da ba za ka iya riƙewa ba, cire ta a take.

Wayata Type-C ce amma sai na danne igiyar take caji, bakin ne ya mutu?

Sau da yawa ba shi ba ne ɗan'uwa. Ƙurar hunturu da zaren aljihu ne ke shiga ramin, kullum in ka soka igiya kana ƙara danne su har su zama kamar auduga a ƙasa, igiyar ta kasa kaiwa ƙarshe. Kashe wayar, haska tocila ciki, ɗauki siririn tsinken sakace na itace ka kewaya gefe-gefe a hankali, kar ka taɓa ɗan harshen nan na tsakiya don a jikinsa ƙarafan suke, kuma kar ka sa allura ko fil. In igiyar ta shiga ka ji ɗan ƙas, ta zauna. In ka share ka canja igiya har yanzu tana yankewa, sannan ka kawo a duba.